Ruwan Tiga da Tambayoyin 'Yan Rabin Aji

A watannin rani, lokacin da ƙura ta lulluɓe yawancin ƙasar Kano, gonakin Kadawa kore suke shar. Ruwan da ke shayar da su daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Yakan biyo babban kanal zuwa Ruwan Kanya, daga nan ya rabu rassa-rassa yana gangarawa da kansa ba tare da inji ba, har ya isa fangalin mai shinkafa ko alkama ko tumatir a ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam. A kowace mararrabar ruwa akwai ƙofar da wani ke buɗewa wani na jira. Akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a sama, akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a ƙasa, ga kuma tsohuwar gardama tsakanin masu gona a bakin kanal da na can ƙurya. Duk wannan yana gudana ne a gaban idon yaro ɗan shekara huɗu da ke bin yayarsa kai abinci gona. Hujjar da nake son kafawa ita ce, a wannan yanki garin da kansa ya isa abin koya wa ƙananan yara tunani, kuma ajin share fagen shiga firamare da ya ja ƙofa ya bar gari a waje ya yar da mafi kyawun kayan aikinsa.

Rabin aji, kamar yadda iyaye ke kiransa, ya daɗe da samun gurbi a tsarin ƙasa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, bugun 2013 na Manufar Ilimi ta Ƙasa kuma ya ware shekara guda kafin aji ɗaya cikin karatun da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa. Daga burin da manufar ta zayyana wa wannan mataki akwai dasa wa yaro son bincike ta hanyar wasa da lura da muhallinsa, da koya masa zama da mutane da aikin haɗin gwiwa. Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Amma duk wanda ya san ajin ƙananan yara a karkararmu, na gwamnati ko na kuɗi, ya san sautinsa: malama ta faɗa, yara su amsa baki ɗaya, haruffan Turanci da ƙirga da sunayen 'ya'yan itatuwan da ba sa fitowa a ƙasar nan. Hadda tana da daraja, al'ummar da ta raya makarantar allo tsawon ƙarnoni ba ta buƙatar a tuna mata. Illar tana zuwa ne idan hadda ta zama ita kaɗai ce sana'ar ajin, domin a nan yaro kan gane tun da wuri cewa a makaranta amsa ɗaya ce, tana bakin babba, nasa kawai ya maimaita.

Wani zai ce ai sun yi ƙanƙanta, ina tunani mai tantancewa ga wanda bai iya ɗaura zariyar wandonsa ba? A wannan shekaru abin da ake nema ɗan kaɗan ne amma shi ne tushe: yaro ya lura, ya nemi dalili, ya yi hasashe sannan ya gwada, ya bambance abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, ya kuma gane cewa abokinsa na iya ganin abu dabam da yadda shi ya gani. Masanin nan na Siwizalan, Jean Piaget, ya nuna cewa idan aka juye ruwa daga faffaɗan kofi zuwa dogo siriri, ƙaramin yaro yakan ce ruwan ya ƙaru, kuma an daɗe ana kafa hujja da wannan wajen cewa hankalinsu bai kai ba. Sai Margaret Donaldson da abokan aikinta a Edinbara suka sake irin waɗannan gwaje-gwaje a shekarun 1970, suka tarar cewa idan tambayar ta zo cikin yanayin da yaro ya san ma'anarsa, yara da yawa da suka faɗi a baya sukan ba da amsa daidai. A 2005 Melissa Koenig da Paul Harris suka gwada wani abu a Amurka: mutum biyu suna faɗin sunayen kayan da yara suka sani, ɗaya yana faɗa daidai ɗaya yana kuskure, sannan aka kawo baƙon abu. 'Yan shekara huɗu suka karkata ga wanda ya saba faɗin daidai. Wato tun a wannan ƙuruciya suna auna wa ya cancanci a yarda da maganarsa. Binciken da ya fi taɓa batunmu shi ne na Barbara Tizard da Martin Hughes, waɗanda suka naɗi maganganun 'yan mata talatin masu kimanin shekara huɗu a Landan, a gida da a makarantar reno, suka wallafa sakamakon a 1984. Yarinyar da ke addabar uwarta da tambaya a gida, idan ta shiga aji sai ta yi kusan shiru, malama ce ke tambaya ita tana ba da amsa a taƙaice. Ke nan ikon tambaya yana tare da yaro tun daga gida, tsarin aji ne ke danne shi.

Yaron Bahaushe kuwa yana zuwa makaranta da guzurin da ba a cika lissafawa da shi ba. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda yara ke riƙe da zirga-zirgar gidaje: su ne 'yan aike, su ne idon matan da ke cikin kulle, su ke kai saƙo da kuɗi da labari daga wannan zaure zuwa wancan. Yaron da ake aika sayen gishiri ya san gidan wa ke sayar da me, ya san yadda ake sallama a ƙofar dattijo, ya san abin da za a ce masa idan canji bai cika ba. Wannan shi ne ilimin zamantakewa tun kafin a sa masa suna a jadawalin makaranta. Haka dare yake da nasa darasi. Kacici-kacici horo ne na hasashe da kwatantawa. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi cike suke da wanda ya faɗi abu yana nufin wani, kuma yaron da ya yi dariya tun kafin asirin Gizo ya tonu ya riga ya hango yaudarar. Akwai ma tatsuniyoyin da ke ƙarewa da tambaya, a ce cikin mutum ukun nan wa ya fi, a bar masu sauraro su yi ta ja-in-ja kowa da hujjarsa. To in haka ne, me ya rage wa makaranta? Abin da ya rage shi ne natsuwa da juya magana. A gida yaro yana ganin abu yana wucewa, manya suna cikin hidima. A aji ne za a iya tsayar da abin, a sa shi a tsakiya, a tambayi kowa abin da ya gani da yadda aka yi ya sani.

Babu darasin da ya fi dacewa da wannan a Kadawa kamar rabon ruwa, domin ya haɗa tambayoyi biyu da tunani ke tsayawa a kansu: me ya jawo wannan, kuma shin an yi adalci? Ana iya yin sa a farfajiyar makaranta da bokiti ɗaya. Yara su ja doguwar hanyar ruwa a ƙasa da tsinke, kamar yadda suke wasan tuwon ƙasa, kowane rukuni ya yi nasa ɗan fangali a gefenta, wasu a kusa da bokiti wasu a nesa. Kafin a zuba, malama ta tambaya gonar wa za ta fara sha, ta bari kowa ya faɗi nasa, ba ta ce wannan daidai ne wancan kuskure ba. Sai a zuba. Na farko za su cika su tumbatsa, na ƙarshe su zauna a bushe, kuma ba sai an ce da kowa ya yi magana ba, masu busasshiyar gona za su ɗaga murya da kansu: "Malama, mu ba mu samu ba!" A nan aikin malama yake. Idan ta gyara hanyar da hannunta, darasin ya mutu. Idan ta ce, "To, yaya kuke gani za a yi?" za ta ji shawarwari: a ƙaro ruwa, a toshe na gaba, a fara da na baya, a yi layi. Kowace shawara a gwada ta a ga abin da za ta haifar. Wanda ya ce a ƙaro ruwa zai ga bokiti ya ƙare. Wanda ya ce a toshe na gaba zai ji ƙorafin na gaba. Washegari a jefa 'yan ciyayi cikin hanyar, a tambaya me ya sa yau ruwan ke jan ƙafa, kuma wa ya kamata ya kwashe tunda hanyar ta kowa ce. Duk yaron da mahaifinsa ya taɓa fita aikin gayya na yanke kacalla a kanal zai gane zancen nan take.

Sannan a gayyato wani daga shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa ya zauna a tabarma tare da su, yara su yi masa tambayoyin da suka shirya da bakinsu: Baba, wa ke buɗe ƙofar ruwa? In mutum ya buɗe ba ranarsa ba me ake yi masa? Ya kamata a san cewa waɗannan tambayoyin manya ne. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin yadda al'ummomi ke raba abin da suka yi tarayya a kai, har da tsare-tsaren ban ruwa a Nepal, inda ta tarar waɗanda manoma suka tsara dokokinsu da kansu sau da yawa sun fi ɗorewa. Shirin gyaran kanal na TRIMING da Bankin Duniya ya fara tallafa wa a 2014 shi ma ya dogara ne a kan ƙarfafa irin waɗannan ƙungiyoyi a nan yankin. Waɗanda za su zauna a tarukansu nan da shekara ashirin su ne ke rabin aji yau.

Sauran gari ma haka yake. A Kura, inda turara shinkafa da casarta suka zama sana'ar gidaje da yawa, ana iya ajiye wa yara shanshera da gyararriya su taɓa su faɗi bambanci, su yi hasashen matakan da ke tsakani, sannan wata inna mai sana'ar ta zo ta tabbatar ko ta gyara musu. Mudu ɗaya a juye shi a faranti, a juye wani a dogon gwangwani, a tambaya wanne ya fi yawa, wanda ya yi musu a ba shi mudun ya sake aunawa, gani ya kori ji. A zana taswirar unguwa a ƙasa da duwatsu da marafan kwalba, ga masallaci, ga gidan mai unguwa, ga hanyar da motocin tumatir ke bi zuwa Kwanar Gafan, a bar su su yi gardama a kan inda rijiya take. Wanda na fi ba muhimmanci shi ne a kira dattawa biyu, namiji da mace, a ranaku dabam-dabam, su ba da labarin yadda garin yake kafin ruwan Tiga ya iso. Labarinsu ba zai zo ɗaya ba, domin abin da kaka ta riƙe daga wancan zamani ya bambanta da abin da tsoho ya riƙe. Tambayar yara me ya sa suka bambanta alhali babu wanda ya yi ƙarya, ita ce ƙofar farko ta fahimtar tarihi.

Manomin yankin nan ya san tsadar rashin tantance magana. A 2016 tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuma suka laƙaba mata sharon, ta share gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har masana'antar tumatir ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a wannan shekara, wadda aka gina don sarrafa tan 1,200 a rana, ta dakata saboda rashin abin sarrafawa. Tsutsar tana shigewa cikin ganye ne inda feshi ba ya isa sosai, kuma tana saurin sabawa da magani idan aka nace wa iri ɗaya. A irin wannan hali kowa yana da shawara, mai shagon magani da dillali da maƙwabci da saƙon murya a WhatsApp, ga kuma malaman gona da tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Kadawa. Wanda ya saba tambayar wa ya faɗa, a ina ya gwada, kuma bari in gwada a fangali ɗaya kafin in feshe gona duka, shi ne ke fita da sauran jari. Irin wannan ɗabi'a tana da wuyar dasawa a mutumin da ya girma yana jin cewa tambaya alamar rashin sani ce.

Fargaba mafi nauyi a zukatan iyaye ita ce ta tarbiyya, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Kunya da girmama na gaba su ne suka riƙe gidajenmu, kuma uban da ke tsoron a mayar masa da ɗa mai tsaurin ido yana da dalilinsa. Sai dai tambaya da fitsara ba hanyarsu ɗaya ba. Yaron da ya durƙusa ya gaida dattijo sannan ya ce, "Baba, don Allah me ya sa?" ya ba shi girma biyu, na shekaru da na sani. Al'adar da ta ce matambayi ba ya ɓata ba za ta ƙi wannan ba, haka zauren karatun da ɗalibi ke tsayar da malami ya nemi ƙarin bayani. Akwai ma misali daga al'ummar Musulmi irin tamu. A 1986 shugabannin Musulmin Mombasa a Kenya suka haɗa hannu da Gidauniyar Aga Khan suka kafa makarantun reno a jikin madarasoshinsu, inda aka haɗa tarbiyyar addini da koyo ta hanyar wasa da kayan da ake samu a gari, matan unguwa kuma aka horar suka zama malamai. Shirin ya bazu zuwa Zanzibar a 1990 da Yuganda a 1993. Islamiyoyin da ke Kura da Bunkure suna da ɗakuna, suna kuma da amincewar iyaye, abin da ya fi ɗakin wuyar samu.

Batun harshe yana biye. Iyaye suna so su ji ɗansu ya dawo da Turanci a baki, domin shi ne shaidar da suke iya ji cewa kuɗinsu bai tafi a banza ba, kuma gaskiya ce jarrabawa da neman aiki suna jiran yaron da Turanci. Amma ba a kawo hujja da harshen da mutum ya san kalmominsa ashirin. Yaron da zai iya cewa "da an toshe can da ruwan ya zo nan" ya yi tunanin sharaɗi da sakamako, kuma da Hausa kaɗai zai iya yin sa yanzu. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. A ba Turanci lokacinsa na waƙa da gaisuwa da sunayen abubuwa, a bar muhawara da harshen da yaro ke mafarki da shi.

Haɗari kuwa gaskiya ne, kuma a nan dole a ja layi. Babban kanal yana cin rai, ƙananan yara ba su da abin yi a bakinsa, shi ya sa kanal ɗin darasi na tsakar makaranta ne. Ruwan da ke kwance yana ɗauke da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, gonar da aka yi wa feshi kuma ba wurin ziyara ba ce. Haka nan kai yara su ga sana'a ba ya nufin a sa su tsinkar tumatir ko korar tsuntsaye da sunan darasi. Amma haɗarin kansa abin nazari ne. Yaron da aka ce da shi kada ya shiga ruwa kawai, zai shiga ranar da babu mai kallo. Wanda ma'aikacin asibitin garin ya nuna wa koɗin a cikin kwalba, ya bayyana masa yadda ciwon ke shiga ta fata, aka kuma bar shi ya yi tambaya har ya gamsu, yana da dalilin da zai tafi da shi duk inda ya je, har ya musa wa wanda ya ce masa fitsarin jini alamar girma ce.

Saura matsalar da ba ni da amsarta mai sauƙi, wato malama ɗaya da yara cike da ɗaki, ba horo, albashi ba ya kai wata. Shahararren gwajin makarantar Perry da aka fara a jihar Mishigan ta Amurka a 1962, wanda aka bi yaransa 123 har girmansu aka ga amfanin reno mai inganci, ya yi aiki ne da malami ɗaya ga yara biyar ko shida da ziyarar gida kowane mako, kuma ba gaskiya ba ne a ce bokiti da tsinke za su ba da irin wannan sakamako a aji mai cunkoso. Abin da za a iya ɗauka daga can shi ne tsarinsu na yau da kullum: yaro ya faɗi abin da zai yi, ya yi, sannan ya dawo ya ba da labarin yadda ta kaya. Wannan ba ya cin kuɗi, horo yake ci. Cunkoso kuma yana raguwa idan aka raba yara rukuni-rukuni, kwamitin kula da makaranta ya tsara iyaye mata da kakanni su riƙa karɓa-karɓar zama da rukuni guda. Makarantun Reggio Emilia na Italiya da ake zuwa koyi da su daga ko'ina, iyayen wani ƙauye ne suka aza tubalinsu na farko da hannunsu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Nauyin da ke kan Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kano da kwalejojin horar da malamai shi ne su daina tura wa rabin aji duk wanda ya rage bayan an raba sauran azuzuwa, su kuma koya wa malamai abu guda da ya fi zane-zanen bango tasiri: yadda ake yin tambayar da ba a riga an san amsarta ba, da yadda ake yin shiru a jira yaro ya gama tunani. Jami'in da ke zuwa duba makaranta daga ƙaramar hukuma shi ma yana iya ƙara abu ɗaya a kan duba rajista da littafin shirin darasi. Ya zauna a bayan aji rabin sa'a, ya ƙirga tambayoyin da suka fito daga bakin yara, ya rubuta adadin, zango mai zuwa ya dawo ya sake ƙirgawa.